Lens ɗina ya faɗi a wurin biki: wa zan kai wa gyara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kano, shekarata uku ina aikin biki da suna. Ranar Asabar a wurin kamu igiyar kyamara ta kuɓuce, Canon 6D ɗina ta faɗi a kan tayil da lens 24-105 a jikinta. Filtar gaba ta fashe kuma ta ƙi kuncewa, zum yana cijewa idan na kai wajen 50, ɓangaren dama na hoto ba ya fita tas kamar da. Wani lokaci ma sai ta rubuta Err 01 ta ƙi ɗauka. Abokina ya ce in kai wa wani mai gyaran waya da ya ƙware, wani kuma ya ce sai Legas. Ina da aiki nan da sati biyu. Ina zan kai? Gyaran zai yi riba ko in haƙura in nemi wani?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye gaba. Duk wanda ya daɗe da kyamara a wuya ya san ƙarar nan ta ƙarfe a kan tayil, da yadda gaba ke faɗuwa tun kafin a sunkuya a ɗauka. Tambayoyi uku ka cure wuri ɗaya: me ya lalace, wa zai iya gyarawa, sannan ko gyaran ya cancanci kuɗinsa. Na san ta biyun ce ta fi damunka, amma a kan ta farko zan fi daɗewa. Wanda bai san ciwon kayansa ba, duk abin da mai gyara ya faɗa shi zai biya, kuma ranar karɓa ba shi da abin da zai auna ya gane ko an gyara ko rufewa kawai aka yi.

Tun yau ka daina murɗa zum ɗin don ka ga ko ya saki. Duk lokacin da ka tilasta shi ya wuce inda yake cijewa, ƙara cin abin da ya lanƙwashe kake yi. Fasasshiyar filtar kuma, wato gilashin da ake ɗaurawa a bakin lens, kada ka goge ta da ƙyalle ko tishu. Kifa lens ɗin bakinsa ya kalli ƙasa, manyan ɓaraguzan su zube, ƙananan ka hure su da robar hura iska. Lens da dama an kawo mini gyara waɗanda faɗuwa ba ta taɓa gilashin gabansu ba, sai shafar da mai su ya yi da gefen riga ce ta zana musu layi, domin garin gilashi kamar yashi yake ci.

Abin da ke cikin lens ɗin nan

Ina ɗauka na farkon ne a hannunka, EF 24-105mm f/4L IS USM da Canon ta fitar a 2005, ba na biyun da ya zo a 2016 ba. Ya yawaita a hannunmu ne saboda tare aka riƙa sayar da shi da kyamarorin 5D da 6D. Nauyinsa giram 670, faɗin bakinsa milimita 77, cikinsa kuma gilasai 18 ne da aka kasa rukuni 13. Idan ka murɗa zum, rukunan nan ba tafiya ɗaya suke yi ba. Kowanne da nisan da yake matsawa, a kan wasu 'yan mitsitsin ƙafafu da ke bin tsagin da aka yanka a jikin bututun ciki. Dole tsakiyar kowane gilashi ta zauna a layi ɗaya da ta sauran, kuma gocewar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta ɓata gefen hoto. Ban da gilasai, akwai ƙaramin injin da ke yin fokas, da ƙofar haske mai fikafikai 8, da wani rukunin gilashi mai lilo wanda ke hana rawar hannu fita a hoto, wato IS, da siraran wayoyin nan masu faɗi da muke kira fileks, su ke kai saƙo tsakaninsu.

Filtar da ta fi tayar maka da hankali ita ce mafi sauƙi. Zobenta ne ya lotse ya ciji bakin lens. Wani lokaci robar ɗaure kuɗi da aka zagaya mata ta isa ta ba hannu kamu, idan ta ƙi sai mai gyara ya tsaga zoben ya lanƙwaso shi ciki ya zare. Idan bakin lens ɗin ma ya lotse, akwai matsin da ake miƙe shi da shi, ko a sauya zoben gaba. Ko da ka tarar da ɗan zane a gilashin gaba, da wuya ya fita a hoto sai an fuskanci rana ko fitila. Zane a gilashin baya shi ne abin tsoro.

Cijewar zum tana nuna ɗaya cikin uku: bututun ciki ya ɗan lanƙwashe, ko ɗaya daga cikin ƙafafun nan ta karye, ko wani noti ya kwance ya faɗa hanya. Na ƙarshen gyaransa ba wuya, na farkon sai an sauya bututun, kuma daga waje ba a rarrabe su.

Err 01 ma'anarsa kyamara da lens sun daina jin maganar juna. Fara da goge ƙarafunan nan masu ruwan zinariya da ke gindin lens da busasshen ƙyalle mai tsabta. Idan bai daina ba, to wannan lens ɗin an san shi da tsinkewar fileks ɗin ƙofar haske ko da bai faɗi ba, saboda yana lanƙwasawa duk lokacin da aka yi zum. Alamarsa ita ce ya ɗauka lafiya a f/4, wato ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, amma da ka rage ta zuwa f/8, musamman zum yana waje, sai ya kawo Err 01. Mai yiwuwa dama ya tsufa, faɗuwar ce ta ƙarasa shi. Kayan ba su da tsada sosai, amma wurin yana can tsakiyar lens, sai an kusa warware shi gaba ɗaya kafin a kai.

Dishi-dishin gefen dama shi ne babban ciwon, kuma shi ne wanda masu gyara da yawa ba sa ko dubawa. Ko wani rukunin gilashi ya karkace, ko gindin lens ɗin ya lanƙwashe, ko kuma bakin kyamarar kanta ne ya tauye, tun da tare suka faɗi. Daga bakin 6D zuwa sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, milimita 44 ne, kuma dole ya zama haka a kowane gefe. Idan gefe ɗaya ya shige ciki ko kaɗan, duk lens ɗin da ka ɗaura zai ba ka hoto mai lafiya a hagu, maras lafiya a dama.

Gwajin da za ka yi kafin ka fita daga gida

Ari lens mai lafiya ka ɗaura a 6D ɗinka, sannan ka ɗaura naka a kyamarar wani. Wannan kaɗai zai raba maka gardama tsakanin laifin lens da laifin kyamara. Idan gindin lens ɗin ba ya shiga da sauƙi, kada ka tilasta shi a kyamarar mutane.

Daga nan manna shafukan jarida a bangon da yake sumul, a miƙe sosai. Kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, tana kallon bangon kai tsaye ba a karkace ba. Kashe IS, buɗe ƙofar haske f/4, yi fokas da hannu a tsakiya kana kallon allon baya an ƙara girma sau 10, sa ta ɗauka bayan daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. Ɗauka da zum a 24, sannan a duk inda zum ya kai ba tare da tilas ba. Ka buɗe hotunan a kwamfuta, ba a allon kyamara ba, ka kwatanta kusurwoyi huɗu. Kusurwa dama ba ta kai tsakiya kaifi a kowane lens, abin da kake nema shi ne ko huɗun sun yi kama da juna. Sai ka juya kyamarar ƙasa ta koma sama ka sake ɗauka. Idan dishi-dishin ya bi kyamara ya koma ɗaya gefen bangon, laifin na kayanka ne. Idan ya tsaya a wuri ɗaya a bangon, kafawarka ce ta karkace.

Ni na fi son gwaji da abu mai nisa, kamar hasumiyar masallaci ko tankin ruwa: a yi fokas a kansa a tsakiya, a bar fokas ɗin yadda yake, sannan a kai abin kowace kusurwa a ɗauka. Sai dai idan hazon hunturu ya sauka wannan ba ya yiwuwa, jaridar ta fi. Adana hotunan nan da kyau, su ne shaidarka wajen mai gyara, kuma da su za ka kwatanta ranar karɓa.

Batun mai gyaran waya

Ba na raina su. A cikin yaran da ke gyaran waya akwai waɗanda suka fi ni iya riƙe ƙarfen dalma nesa ba kusa ba, kuma idan fileks ne kawai za a liƙa a kan tebur, hannunsu ya fi nawa tsabta. Matsalar ita ce hanyar da za a bi kafin a kai ga fileks ɗin, da hanyar dawowa. Notunan kayan Japan masu kan gicciye ƙirar JIS ne, sukudireban da aka saba da shi yana zamewa ya cinye musu kai. Zobban da ke riƙe gilashi da maɓallinsu na musamman ake kwance su. A ƙarƙashin gindin lens da tsakanin wasu rukunai akwai siraran wosha, wasu ba su kai kaurin takarda ba, kowace an zaɓe ta ne tun daga masana'anta don wannan lens ɗin shi kaɗai. Wasu daga cikin ƙafafun da na ambata kuma ramin su ba a tsakiya yake ba, da gangan aka yi su haka don a juya su a daidaita gilashi. Wanda bai sa musu alama ba kafin ya kwance, ya rushe saitin masana'anta bai sani ba.

An taɓa kawo mini irin lens ɗinka a cikin leda, gunduwa-gunduwa. Err 01 kawai yake yi kafin a buɗe shi. Wanda ya buɗe ya sauya fileks daidai, amma ya haɗe woshoshin wuri ɗaya, ya bar zanen yatsa a gilasan ciki, wani abu da ya karye kuma ya liƙe shi da sufa gulu, tururinsa ya bi gilashi ya bar farin hazo. Kwanaki na yi ina haɗawa ina gwadawa ina sake kwancewa, kuma har ya bar hannuna bai koma yadda yake ba. Garin neman gira aka rasa ido. Haka ma masu ɗiga man keken ɗinki don zum ya yi laushi: man yana bin jiki har ya kai fikafikan ƙofar haske su manne. Giris na musamman ake sa wa, shi ma ɗan kaɗan.

Inda za ka nema

Wurin gyaran da kamfani ya amince da shi ne ya fi kowa kayan aiki. Suna da sifeya na asali, da na'urar auna daidaiton gilasai, da manhajar da ake saita fokas da IS bayan an sauya wani abu. Shafin Canon na intanet yana da jerin irin waɗannan wurare ƙasa-ƙasa, a can za ka duba, kada ka yarda da allon da aka rataye a ƙofar shago. Abu biyu za ka sani. Garanti ba ya ɗaukar faɗuwa, ko jiya ka sayi lens ɗin kai za ka biya. Sannan kamfanoni sukan daina ƙera sifeyar kaya bayan wasu shekaru da daina sayar da shi, lens ɗinka kuwa an daɗe da maye gurbinsa. Saboda haka ka kira tukuna, ka faɗi cikakken sunansa, ka tambaya ko har yanzu suna karɓarsa, kafin ka kashe kuɗin aikawa.

Masu gyaran kyamara masu zaman kansu su ne suka riƙe yawancinmu, kuma a cikinsu akwai gwanaye akwai masu koyo da kayan mutane. Ba a allo ake gane su ba, a bakin masu sana'a ake ji. A Kano ka tambayi masu ɗaukar fim na Kannywood da ke wajen Zoo Road, da masu ba da hayar kyamara, da tsofaffin ma'aikatan gidajen talabijin. Waɗannan kayansu na lalacewa kullum, sun san hannun da ke dawo da kaya lafiya. Tambayar da za ka yi ita ce wa ya taɓa gyara maka lens mai zum, ya dawo kana aiki da shi har yau. Wanda ya ce maka "sai Legas" yana da gaskiyarsa, domin a can kasuwar kyamara ta fi girma, sifeya ta fi samuwa. Amma ka kula, a Computer Village ta Ikeja ko Banex ta Abuja, mai sayar da kyamara daban mai gyara daban. Sau da yawa mai shago karɓa yake ya miƙa wa wani ya ɗora nasa a kai, idan matsala ta taso kuma ba ka san wa za ka riƙe ba. Ka nemi yin magana da wanda zai riƙe sukudireban da kansa.

Samun sifeya wahala ce a ko'ina, ba a nan kaɗai ba. A Amurka ma Nikon ta daina sayar wa masu gyara masu zaman kansu kayan gyara a 2012. Shi ya sa mu nan muke dogara da abu biyu: kayan da ake odarsu daga Chaina, da matattun lens da muke saye mu ciri sassa. Fileks ɗin Chaina wani yana daɗewa wani ba ya shekara. Idan za a samu ƙofar hasken gaba ɗayanta ta asali, da fileks ɗinta a jiki, na fi son ta ko da ta fi tsada, saboda kada a sake buɗe lens ɗin karo na biyu. Bututun zum kuwa galibi daga mataccen lens ake samunsa.

Idan ka samu mai gyaran, tambaye shi ko ya taɓa buɗe wannan samfurin, da kuma yadda zai gwada shi bayan ya haɗa. Wannan ta biyun ita ce ma'auni. Wanda ya ce zai ɗaura a kyamara ya ga yana fokas, bai fahimci ciwon gefen dama ba. Wanda ya nemi ganin hotunan gwajinka, ko ka ga allon gwaji manne a bangon shagonsa, da shi za ka zauna. Ku yi yarjejeniya ya buɗe ya faɗi kuɗi kafin ya sayi komai, ku kuma yanke kuɗin dubawa idan ka fasa. A rubuta lambar jikin lens ɗin a rasit, da abubuwan da za a gyara ɗaya bayan ɗaya, da tsawon lokacin da zai karɓa idan matsalar ta dawo. Tsofaffin sassan da ya cire ya ba ka. Kada ka biya duka tun farko, kafin alƙalami na sayen kaya ya isa.

Idan aikawa za ka yi, kada ka bar shi a jikin kyamara. Mayar da zum 24 idan zai koma ba tilas, rufe gaba da baya, sa shi a leda mai kama baki saboda ƙura, naɗe shi da soso ya yi kauri ta kowane gefe, yadda ko an girgiza kwalin ba ya motsi. Ɗauki bidiyonsa da lambarsa kafin ka rufe. Na fi son kamfanin aika kaya mai ba da rasit da aka rubuta darajar kayan, a kan a ba direba a tasha, inda kwalinka zai iya kwana a ƙarƙashin buhu.

Gyara ko saye

Tambayi farashin irinsa na hannu mai lafiya a yau, shi ne ma'auninka. Ƙa'idar da nake bi ita ce idan gyara ya haura rabin wannan kuɗin, ina ba mutum shawara ya saya, domin lens da ya faɗi ya sha gyara bai cika kai wanda bai taɓa faɗuwa ba, kuma ranar sayarwa ba zai yi daraja ba. A lamarinka, idan gwaji ya nuna gindin lens ne ya lanƙwashe, zum kuma noti ne ko ƙafa ɗaya, ga fileks, gyara zai yi riba, tun da buɗewa ɗaya za a yi a gama su duka. Idan kuwa bututu ya lanƙwashe kuma gilasan ciki sun goce, ni dai ba zan zuba kuɗi a kai ba. Sayar wa mai gyara shi ya ciri sassa, ka cika ka sayi wani. Wanda za ka saya ɗin ma ka yi masa gwajin jarida, ka rufe shi f/8 da f/16 a kowane zum ka ga ko zai kawo Err 01, ka haska shi da tocila ka duba ƙura da fumfunar da damina ke sa wa gilashi.

Duk wannan daga bayaninka na gina shi, ban riƙe lens ɗin ba, kuma ya sha faruwa in buɗe in tarar da abin da ban zata ba. A teburina ba ni da na'urar kamfani ta daidaita gilasai. Da allon gwaji nake aiki, ina juyawa ina ɗauka ina dubawa. A lens maras zum wannan yana kai ni inda nake so. A mai zum irin naka, wani lokaci sai in daidaita shi a 24 ya ɓaci a 105, in koma in nemi tsakiya. Idan gilasan ciki ne suka goce, nakan faɗa wa mai kaya tun farko cewa zai samu sauƙi amma ban yi alkawarin zai koma sabo ba, kuma duk mai gyaran da ya yi maka wannan alkawarin bai buɗe ba, ka yi hattara da shi.

Aikinka na nan da sati biyu kada ka rataya shi a kan wannan gyaran. Odar sifeya kaɗai tana iya cinye kwanakin, kuma mai gyaran da aka matsa wa lamba gwajin ƙarshe yake tsallakewa. Yi hayar lens ko ka ara tun yanzu, ka gwada shi a kyamararka kwana biyu kafin bikin. Idan saye za ka yi na wucin gadi, EF 50mm f/1.8 STM na 2015 ba shi da tsada, yana fitar da amarya da kyau ko a ɗaki mai ƙarancin haske, sai dai a hoton taro za ka riƙa ja da baya. Kada wani ya sayar maka da 18-55 ko wani mai tambarin EF-S, ba sa hawa 6D. Igiyar da ta kuɓuce kuma ka sauya ta kafin ka sake rataya kyamarar, ka duba yadda aka zura ta a maƙalinta, bakin ya koma ta cikin robar da ke riƙe shi. Idan ka yi gwajin, turo mini hotunan kusurwoyi huɗun da abin da ka gani da lens ɗin aro, in duba in faɗa maka ko kyamarar ma sai ta bi shi wurin gyara.